Shekarar da Jirgin Maigida Ya Yi Ta Kewaya Sama

Bari in fara baje muku abin da ke hannuna a waccan shekara, don na lura kowannenku yana ɗauko labarin ne daga inda ya ga dama. Ina da manyan motoci biyu na ɗaukar hatsi. Ina da sito a bakin kasuwar Makarfi, wanda duk mai masara daga Gazara har Likoro ya san ƙofarsa. Ina da cinikin da ya riƙe waɗannan duka, wato masarar da nake kai wa kamfanin abincin kaji na Alhaji Shu'aibu, mutumin Kudan, wanda tun ina saurayi nake kira Maigida. Sannan akwai zaman mutunci tsakanina da shi, wanda ya girmi kowa a cikinku. Waɗannan su ne a gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuwa magana ce guda, wadda ba ta fi a faɗe ta a numfashi ɗaya ba, aka nemi babban yayanku ya furta, ya ƙi. Ƙananan cikinku sun tashi suna jin ana cewa taurin kan yayansu ne ya karya arzikin gidan nan. To, ga yadda aka yi, daga bakin wanda aka yi da shi.

Kun riga kun san ban gaji ko buhu ɗaya ba. Dakon rake nake yi a Makarfi lokacin da Maigida ya ganni, ya ce ƙarfina ya yi yawa a kashe shi a ƙarƙashin dami. Shi ya fara aikena ƙauyuka sayen masara, shi ya koya mini in zura hannu har tsakiyar buhu kafin in taya, shi ya tsaya mini na sami motar farko. Ba zan taɓa rage masa wannan ba. Saboda haka da Allah ya ba ni ɗan fari, ban yi shawara da kowa ba, na sa masa sunan Maigida. Shi ya kawo ragon suna da kansa. Tun daga ranar ba mai kiran yaron da sunan yanka a gidan nan, sai dai Alhaji Ƙarami, daga baya aka gajarta ya koma Ƙarami. Mahaifiyarku Hajiya Asabe kuwa, da kunyar ɗan fari, ko wannan ba ta faɗa, sai dai ta ce mai sunan Alhaji.

Ƙarami bai ɗauko kasuwa ba. Yaro ne mai shiru, in ka aike shi sai ya maimaita maka saƙon kafin ya tafi, har abin ya riƙa ba ni haushi. Ya yi karatunsa, ya ƙara da wani a Zariya, daga nan aka ɗauke shi aiki a wani babban filin jirgin sama. A garinmu dai abin da aka sani shi ne ɗan Isiyaku yana aikin jirgi. Wasu sun ɗauka tuƙi yake yi. Yayana Malam Haladu ya daɗe yana gaya wa mutane cewa shi ne mai tsayawa a fili yana kaɗa wa jirgi sanduna. Ni na fi su kusa da gaskiya, don na tambaye shi, ya ce yana zama ne a hasumiya, wani ɗaki can sama, yana magana da matuƙa ta rediyon oba-oba, yana gaya musu wanda zai sauka da wanda zai dakata da wanda zai tashi.

Na ce, "Kamasho ke nan. Duk wannan karatu, ashe kamashon tasha na haifa."

Ya yi dariya ya ce, "Kusan haka ne, Baba, sai dai ni motocina ba su da birki."

Na ɗauki maganar wasa. Ga shi kuwa a kanta komai ya tsaya.

A daminar shekarar da nake ba ku labari, Maigida ya gama gina sabon ɓangare a kamfaninsa, ya sa ranar buɗewa, ya gayyato wani babban mutum daga gwamnati ya zo ya yanke ƙyalle. Ana gobe taro wani sha'ani ya riƙe shi a Abuja, sai ya ɗauki shatar ƙaramin jirgi, shi da wasu abokansa manyan 'yan kasuwa, don su iso da hantsi. Ina sito ana auna masara ya kira ni a waya.

"Isiyaku, gobe zan sauka a filin da takwarana yake aiki. Ka gaya masa ya share mini hanya, ina da baƙi."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Kada ku yi mamakin saurin amsata. Haka duniyarmu take tafiya. In motata ta je lodi ta tarar da layi, kamasho ya san ni, sai a ce direban Alhaji Isiyaku ya matso gaba. In na je asibiti, ina da yaron da zai shigar da ni. Duk wanda ya yi ɗa a wani wuri, wurin ya zama nasa, kuma ba wanda yake ganin wannan zalunci ne, alheri ne ke zagayawa. Da na kira Ƙarami na gaya masa, sai ya ce:

"Baba, ba haka abin yake ba."

"Yaya yake? Ba kai ke cewa wane ya sauka, wane ya jira ba?"

"Ni ke faɗa, amma ba ni ke zaɓa ba. Halin da kowane jirgi yake ciki shi ke zaɓa. In sama da sarari, zai sauka ba sai an sa baki ba. In babu, ko kai ne a ciki sai ka jira."

Na ce a raina irin kawaicin ma'aikatan gwamnati ne, ba sa son a ce sun yi alkawari a waya. Na koma kan awona.

Washegari hadari ya haɗu tun da safe, ga shi lokacin dawowar alhazai ne, jirage sun yi yawa. Jirgin Maigida ya iso, aka ce ya dakata a sama. Ya yi ta kewayawa. Abin da ya fi yi masa ciwo, kamar yadda wani da ke cikin jirgin ya ba ni labari, shi ne tun suna hanya ya riga ya gaya wa abokansa cewa yaronsa ne a hasumiya, sunansa ma ya ci. Da jira ya yi tsawo sai ya ce wa matuƙi ya sanar da su ko wane ne a ciki. Matuƙi ya sanar. Amsa ta dawo cewa an ji, a ci gaba da jira. Sai ɗaya daga cikin abokan ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Alhaji, anya yaron nan ya san sunan wa ya ci?" Kafin su sauka su kama hanya su iso kamfani, babban baƙo ya gaji ya tafi, ruwa ya jiƙa kujeru, masu rumfa suna naɗe kayansu. Ni ina wurin. Na ga lokacin da Maigida ya fito daga mota ya dubi filin. Na matsa zan gaishe shi, ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba.

Cikin makon aka mayar mini da mota ɗaya daga ƙofar kamfani da lodinta. Manaja ya ce ba laifin masara ba ne, Maigida ya ce a dakata. Ya kuma ba ni saƙo: in kawo yaron gidansa a Kudan, a gaban mutanen da aka yi abin a idonsu, ya ce ya yi kuskure, ya kuma yi alkawarin duk ranar da Maigida ya sake zuwa ta sama zai sa shi gaba. In an yi haka, magana ta wuce.

Na aika Ƙarami ya zo gida ran hutunsa. Muka zauna a zaure, ni da shi da Yaya Haladu, mahaifiyarku tana daga bakin ƙofar ciki tana ji. Yaya ne ya fara.

"Kai, Ƙarami, mutumin da ya ɗauko ubanka daga ƙarƙashin damin rake, shi za ka bari yana shawagi a sama kamar shirwa? Ko kaza ka ba hatsi ta san ka."

"Baba Malam, akwai jirgin da ya fi shi matsuwa."

"Na ubanka ne jirgin? Ka san mutum ɗaya a cikinsa?"

"Ban san kowa ba."

Yaya ya tafa hannu ya dube ni. "Ka ji ko? Bai san kowa ba. Ya bar na gida ya yi wa baƙi hidima. Wannan shi ne bokon da ka biya."

Mahaifiyarku ta ce daga inda take, "Yaya, a bi shi a hankali. Mai sunan Alhaji bai taɓa yi wa babba rashin kunya ba." Sannan ta juya wajensa, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Kai kuma mene ne a cikin ban haƙuri? Yaro ya durƙusa wa babba, ai ba a rage shi da komai ba."

Ya ce, "Inna, zan je. Zan durƙusa, zan ba shi haƙuri a kan wahalar da ya sha da kunyar da ya ji, don abin ya dame ni. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, kuma ba zan yi alkawarin sa shi gaba ba."

Yaya ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce in ban iya da ɗana ba, shi ba zai zauna ya ga ana rusa gida da gangan ba.

Zan gaya muku gaskiya, a ranar raina yana tare da Yaya. Ina da direbobi da 'yan dako da manoman da suka saba in kwashe masararsu tun tana gona, duk suna ci daga wannan ciniki. Amma akwai abu ɗaya da Maigida da kansa ya koya mini, kuma ban taɓa saɓa shi ba: ba na yanke magana a kan kayan da ban gani ba. Na ce wa Ƙarami ina so in ga wannan aiki da idona. Ya ce ba a shiga wurin haka nan, sai ya nemi izini. Aka ɗan ɗauki lokaci, izini ya fito.

Shugabansu wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, suna kiransa Oga Bulus, Hausarsa kamar ta Bazazzagi. Shi ya tarbe ni. Tun daga ƙasa aka karɓe wayata, aka ce ko su ma'aikatan ba sa zama da ita a bakin aiki. Muka hau bene har gwiwata ta fara ƙara. Ni da na saba da tasha, na zaci zan tarar da ihu da zage-zage da mutane suna ɗaga hannu. Sai na tarar da ɗaki zagaye da gilashi, shiru kamar masallaci tsakanin salloli, mutane kaɗan a zaune, kowa da abin sauraro a kunne, suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ta gilashin kana ganin titin jirgi ya miƙe, wani jirgi yana tafiya a hankali, wani ya tsaya yana jira. A gabansu akwai allon na'ura mai ɗige-ɗige masu motsi. Oga Bulus ya ce kowane ɗigo jirgi ne, kuma kowane jirgi cike yake da mutane.

Ya nuna mini biyu da suke kusa da juna, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba.

"Alhaji, ka ga waɗannan? A sama akwai nisa tsakaninsu. Amma da irin gudun da suke yi, in aka bar su suka fuskanci juna, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinka sun haɗu."

Na ce, "To ba sai ɗaya ya tsaya ba?"

"Ya tsaya a ina? Motarka in ta sami matsala, direba ya gangara gefen hanya ya sa mata dutse. A can babu gefe. Wanda aka ce ya jira, kewayawa yake yi yana ƙona mai. Shi ya sa muke jera su hawa-hawa kamar bene, kowa da nasa hawan, mu riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya."

Na tambaye shi abin da ya faru ranar Maigida. Ya ce duk maganar da aka yi a ɗakin nan ana naɗe ta, kuma da ƙorafin Maigida ya zo sun saurara daga farko har ƙarshe. Wani babban jirgin fasinja ne ya yi ta kauce wa hadari har mansa ya ja baya, matuƙin ya sanar cewa ba zai iya dogon jira ba. A bayansa ga jirgin alhazai da ya kwaso tafiya mai nisa. Ruwa kuma ya sa ba a iya sauke su kusa da kusa. Ƙaramin jirgin Maigida shi ya fi kowa sauran mai, don haka shi ya fi kowa iya jira.

"Da ni ne a kujerar ɗanka a ranar, abin da zan yi ke nan," in ji shi. "Bambancin kawai, ni ba a kira ubana a waya ba."

Daga nan ya bar ni na zauna a baya ina kallo. Ƙarami yana bakin aiki, bai ko waiwayo ba, ko da yake ya san ina ɗakin. Wallahi ban san wannan fuskar ba. Yaron da nake gani yana sunkuyar da kai a zaure, ga shi a zaune a miƙe, idonsa yana yawo daga allo zuwa gilashi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Ba na jin Turanci, amma kunnen ɗan kasuwa yana gane tsarin magana. Na lura duk abin da ya faɗa, sai murya ta fito daga na'ura ta maimaita shi daidai, sannan ya wuce zuwa na gaba. Can sai ya faɗi wani abu, murya ta maimaita, sai na ji ya katse ta nan take, ya sake faɗa a hankali yana rarrabe kalmomin, muryar ta sake maimaitawa. Bai ɗaga murya ba, bai yi tsaki ba, ya ci gaba da aikinsa. Na dubi Oga Bulus.

Ya raɗa mini, "Ya ba matuƙi hawan da zai tsaya, shi kuma ya maimaita wani hawan daban."

"Da bai ji ba fa?"

"Da akwai wani a wancan hawan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ce sannu. Na zauna ina tunanin sau nawa na aiki direba Ikara ya tafi Kudan don ya ji rabin magana, muka yi faɗa, muka yi dariya, aka yi asarar mai kawai. A ɗakin nan rabin magana gawarwaki ne. Da lokacin tashinsa ya yi, wanda zai canje shi ya zo ya tsaya a bayansa ya daɗe yana kallo, Ƙarami yana nuna masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana maimaitawa, sai da suka gama tas sannan ya cire abin kunnen ya miƙe. Ɗakin da sanyin na'ura har ina jan hula, amma bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf.

Muka sauka muka zauna a wani benci wajen masu shayi. A nan na gwada dabarata ta ƙarshe, irin ta 'yan kasuwa.

Na ce, "Na ga aikinka, kuma na yarda ba ka yi kuskure ba. Amma ka je ka faɗi abin da yake so. Sau nawa zai sake hawa jirgin shata? In ranar ta zo, ka yi abin da ya dace. Baki ne kawai."

Ya juya kofin shayinsa ya ce, "Baba, in na faɗa da niyyar ba zan cika ba, na yi wa mutumin da ya yanka mini ragon suna ƙarya a gaban jama'a. In kuma na faɗa, ranar da na ga lambar jirginsa a allo, kaina zai rabu biyu, ko da na ƙiftawar ido ne. Zan tuna da kai, da motocinka, da alkawarin. Kujerar nan ba ta ɗaukar rabin kai. Kuma in aka ji an yi wa ɗaya, gobe wani zai kira uban wani."

Na yi ta neman inda zan taya wannan magana in rage mata farashi, ban samu ba. A mota, a hanyar komawa, na yi lissafina ni kaɗai. Na san Maigida, na san in ya furta abu a gaban mutane ba ya janyewa. Na san abin da zan rasa, har da wanda zai fara barina cikin direbobi. Kafin mu wuce Hunkuyi na gama yanke shawara, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ranar da muka je Kudan, falon Maigida cike yake, har da mutumin da ya yi masa dariya a jirgi. Ƙarami ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce ya ji zafin abin da ya faru, ya san an ji kunya saboda shi, yana roƙon Baba Alhaji ya yafe masa ɓacin ran. Maigida ya saurara yana jan carbi, fuskarsa ta ɗan saki.

"Na ji. Sauran fa?"

"Sauran ba nawa ba ne da zan bayar, Baba Alhaji. Ran mutane ne aka ba ni amana. In ka sake zuwa kai ne a matse, wallahi kowa zai jira ka, ko wane ne. In wani ne a matse, kai za ka jira."

Maigida ya juyo gare ni.

"Isiyaku, ka ji ɗanka."

Na ce, "Na ji shi, ranka ya daɗe. Na kuma je na gani da idona, yadda ka koya mini. Kayan nan ba su da algus. Abin da ya faɗa, ni ma shi na faɗa."

Ya dube ni. Ina tsammanin har ga Allah bai taɓa zaton zan iya ba. Sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya kira yaronsa ya ce a kawo wa baƙi abinci. Duk wanda ya san shi ya san ma'anar wannan: an sallame mu, ya gama da mu. Muka yi sallama muka fito. A mota Ƙarami ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya yi shiru ya kula da hanya.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Kamfani bai sake karɓar ƙwayar masarata ba. Masarar da na tara don su ta zauna a sito har ƙwari suka fara shiga, na sayar da ita yadda ta samu. Kafin kaka ta zagayo na sayar da mota ɗaya, daga baya na saki siton Makarfi na koma ƙaramin shago a Gazara. Manoman Likoro da suka saba jirana suka koma wa wani, kuma ban ga laifinsu ba. Yaya Haladu ya yi wata da watanni ba ya shiga gidana, sai da mahaifiyarku ta yi rashin lafiya ya zo dubiya, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini na yi daidai ko ban yi ba, amma na lura ta daina sayen nama kullum ba tare da na ce mata komai ba, kuma ba ta taɓa bari yaron ya sani ba. Ku da kuka taso a lokacin, ku kuka sha canjin makaranta da tuwo ba miya mai kyau, kuma ina sane.

Maigida bai zalunce ni ba, wannan ku riƙe shi. Cinikinsa ne, yana da ikon ba wanda ya so. Bai bi ni da sharri a kasuwa ba, bai nemi a kori yaron daga aiki ba bayan ƙorafin farko, ko da yake yana da hanyar gwadawa. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure muna gaisawa, ya tambayi iyali, sai dai bai sake cewa ina takwarana ba. Da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, Ƙarami ma ya nemi hutu ya zo, ya tsaya a sahun baya. Na yi kukan mutumin nan fiye da yadda na yi na wasu 'yan uwana na jini. Wannan ita ce asarar da ba ta da madadi, sauran duk kaya ne.

Riba kuwa, ba irin wadda ake sawa a aljihu ba ce. Mutanen da ke cikin wancan jirgin fasinja da aka sa gaba sun sauka sun ɗauki jakunkunansu sun tafi gidajensu, wataƙila ma suna mitar an jijjiga su a hadari. Ba su san sunan ɗana ba, ba su san nawa ba, kuma babu wanda zai zo ya yi mana godiya har abada. Ni dai na san na haifi mutumin da aka ɗora masa nauyin ubansa da na mai sunansa a kafaɗa ɗaya, aka ce ya karkata, bai karkata ba. Na yi mu'amala da dubban mutane a kasuwa, waɗanda zan iya faɗin haka a kansu ba su cika hannu ɗaya ba.

Saboda haka ku daina cewa yayanku ya karya gidan nan. Shi aikinsa ya yi. Da na ce masa dole, da wataƙila ya ajiye aikin don kada ya saɓa mini, amma ban ce ba. Ni aka tambaya a falon Kudan, ni na amsa, ina sane da farashi tun kafin in buɗe baki. In za ku ɗora wa wani asarar mota da sito, ku ɗora mini. Tsada kam na saya da tsada. Amma da za a sake kawo mini kayan nan yau a kan wannan farashi, ko tayawa ba zan yi ba, biya zan yi.